Fayil ɗinka na asibiti: abin da kake da haƙƙin gani da yadda ake karɓarsa

A asibitoci da yawa, fayil ɗin majinyaci yana yawo daga hannun ma'aikacin kati zuwa hannun nas, daga nan zuwa teburin likita, ya koma ɗakin ajiya, mai jikin kuwa bai taɓa buɗe shi ba. Wani ma idan aka ba shi ya kai ɗakin awo, sai ya riƙe shi kamar amanar wani, yana tsoron kada a gan shi yana leƙawa. Alhali duk abin da ke ciki a kansa aka rubuta: jininsa, ƙodarsa, maganin da aka ɗora shi a kai, abin da aka cire masa a tiyata.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai takardar kanta, ko kwamfutar da aka adana bayanin a ciki, wannan na asibiti ne, kuma wajibi ne asibiti ya riƙe shi ya kare shi. Akwai kuma bayanin da ke ciki, wanda majinyaci yake da haƙƙin gani da samun kwafinsa. Kotun Ƙolin Kanada ta fayyace wannan a 1992, a shari'ar McInerney da MacDonald: takardar ta likita ce, amma majinyaci yana da damar duba abin da ke cikinta ya kuma kwafa, har da rahotannin da wasu likitoci suka aiko aka saka a fayil ɗin. Don haka idan ma'aikaci ya ce maka "fayil na asibiti ne", gaskiya ya faɗa, sai dai bai amsa buƙatarka ba. Kwafi kake nema, asalin fayil ɗin yana nan wurinsu.

Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma sun doshi wuri ɗaya. A Amurka, ƙa'idojin da ke ƙarƙashin dokar HIPAA ta 1996 sun ba asibiti kwana 30 ya amsa buƙata, da damar ƙarin kwana 30 sau ɗaya tak, kuma sai ya rubuta maka dalilin jinkirin. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta ba da wata ɗaya, ana iya ƙara wata biyu idan buƙatar tana da sarƙaƙiya, kuma kwafin farko kyauta ne. A watan Oktoban 2023 kotun Tarayyar Turai ta ƙara tabbatar da haka a wata shari'a da ta taso daga Jamus tsakanin majinyaci da likitar haƙori: kwafin farko ba a biyansa, kuma majinyaci ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ko da yana neman fayil ɗin ne don ya kai ƙara. Faransa ta fi waɗannan gaggawa. Dokarta ta 4 ga Maris 2002 ta ce cikin kwana 8, sai dai idan bayanan sun haura shekara biyar, a nan ne ake ba da wata biyu. Najeriya tana da dokar kare bayanai ta 2023 da ta ba mutum haƙƙin samun kwafin bayanan da ake riƙe da su a kansa, Ghana kuma tana da tata tun 2012. Ka binciki wa'adin da dokar ƙasarka ta tanada kafin ka rubuta takarda, domin ambaton wa'adin a cikinta yana sa a ɗauke ta da muhimmanci.

Inda mafi yawan mutane suke tuntuɓe shi ne wajen faɗin abin da suke so. Ka je taga ka ce "ina son bayanaina", abin da za a miƙo maka a mafi yawan lokuta shi ne rahoton likita na shafi ɗaya, wanda wani ya zauna ya taƙaita. Rahoton yana da amfaninsa, amma fahimtar wanda ya rubuta shi ce, kuma abin da bai ga muhimmancinsa ba ya zubar. Fayil kuwa sassa ne daban-daban, sau da yawa ma ba a wuri ɗaya ake ajiye su ba. Rubutun likita na kowace ziyara yana wuri ɗaya, rubutun nas-nas da jadawalin ba da magani suna wani ɓangare, sakamakon awo yana kwamfutar ɗakin gwaje-gwaje, hotuna suna sashen ɗaukar hoto, bayanin tiyata kuma wani lokaci yana littafin ɗakin tiyata. Wanda bai ambaci kowanne da sunansa ba zai koma gida da rabi, yana tsammanin ya samu duka.

Bari mu ɗan tsaya a kan sassan da suka fi yin tasiri ga jinyar gaba, domin su ne ya kamata a fara nema.

Takardar sallama ita ce ta farko. Tana ɗauke da ranar kwanciya da ranar fita, cutar da aka gano, abin da aka yi, magungunan da za a ci gaba da sha da waɗanda aka dakatar, da ranar dawowa. Wannan a karɓe ta tun ranar sallama, kafin a fita daga ɗakin kwanciya, lokacin da likitan da ya duba ka yana nan kuma bai manta ba.

Bayanin tiyata ya fi takardar sallama zurfi, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Ɗauki misalin matar da aka yi wa tiyatar haihuwa. Tabon da ke fatar cikinta ba ya nuna yadda aka yanka mahaifar kanta. Idan a ƙasan mahaifa aka yanka a kwance, ana iya tattauna yiwuwar ta haihu da kanta a cikin gaba. Idan kuwa a tsaye aka yanka a saman mahaifa, haɗarin fashewarta lokacin naƙuda ya fi yawa ƙwarai, kuma shawarar likitoci ita ce a sake tiyata kafin naƙuda ta fara. Layi ɗaya ne a bayanin tiyata yake raba waɗannan hanyoyi biyu. Haka ma wadda aka cire wa ƙwan mahaifa ɗaya ko bututu ɗaya, ya kamata ta san na dama ne ko na hagu. Wanda aka saka wa ƙarfe a ƙashi ko na'urar daidaita bugun zuciya yana buƙatar sunan kamfanin da lambar samfurin, saboda da su ake tantance ko zai iya shiga na'urar hoton MRI mai aiki da maganaɗisu. Akwai kuma takardar likitan da ya sa ka barci. Idan an sha wahalar zura bututun numfashi a maƙogwaronka, ko jikinka ya yi mummunan martani ga wani maganin barci, nan aka rubuta, kuma likitan da zai sa ka barci nan gaba yana buƙatar ya sani tun kafin ya fara.

Sakamakon awo kuwa, ka nemi takardun da kansu, da lambobinsu da ranakunsu. "An duba ƙodarka lafiya lau" ba ya taimakon likita na gaba. Lamba ɗaya ma ba ta cika faɗin komai ba, jerin lambobi ne ke magana. Awon kiriyatinin da ya tashi daga 0.7 zuwa 1.1 a cikin shekara biyu yana iya kasancewa cikin iyakar da takarda ta kira daidai a duka lokutan, amma tafiyar tana nuna ƙoda na raguwa. Wanda ke da takarda ɗaya ba zai ga haka ba, sai wanda ya jera su.

Hotuna suna da fuska biyu: rahoton da likitan hoto ya rubuta, da hoton kansa. Ka nemi duka biyun. Hoton CT ko MRI ɗaruruwan yanka ne, kuma ana adana su a tsarin da ake kira DICOM, wanda yake ba wa likita damar juya hoton, ƙara haske, da auna girman ƙari da milimita. Hoton da aka ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta ya rasa duk wannan. Ka ce a saka maka a faifai ko filashi a tsarin DICOM, kuma ka tabbatar yana buɗewa kafin ka bar wurin, don faifan da babu komai a ciki abu ne da ke faruwa. Amfanin wannan ba kaɗan ba ne: tsohon hoto yana iya nuna cewa ɗigon da aka gani a huhu yana nan shekara uku bai canja ba, a huta da sake hoto, da ƙarin tururin na'urar hoto da jiki zai sha, da fargabar da ba ta da dalili.

Idan an yanki tsoka an kai awo, rahoton yana da lamba. Da wannan lambar ake iya neman gilasan da aka duba a madubin likita, har da ɗan ƙullin kakin da aka adana tsokar a ciki, a kai wa wani ƙwararre ya sake dubawa. Ga mai cutar daji wannan yana da muhimmanci, haka ma jimillar maganin da aka riga aka ba shi. Maganin doxorubicin, alal misali, yana da iyakar da ba a son a wuce a tsawon rayuwa saboda yana raunana zuciya, kuma sashen jiki da aka riga aka gasa da tururi ba a sake gasa shi sai an san adadin da ya sha a baya. Majinyacin da ya canja asibiti ba tare da waɗannan lambobin ba ya bar sabon likitansa yana lalube.

Yadda ake nema ba shi da wuya, amma a yi shi a rubuce. Buƙatar baki tana ɓacewa da canjin ma'aikata, ba ta kuma da ranar da za a fara ƙirga wa'adi. Ka rubuta cikakken sunanka kamar yadda yake a katin asibiti, da duk wani suna ko rubutun suna da aka taɓa yi maka rajista da shi, ranar haihuwa, lambar fayil, da tsakanin ranakun da kake so. Ka lissafa sassan ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗi yadda kake son karɓa, a takarda ko ta imel ko a filashi. Ka haɗa da kwafin katin shaida, domin asibiti yana da haƙƙi, wajibi ma ne a kansa, ya tabbatar kai ne. Ka kai takardar sashen adana bayanai, ka riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Batun suna ba ƙaramin abu ba ne: harafi ɗaya da ya bambanta yakan sa mutum ya zama yana da fayil biyu a asibiti ɗaya, kowanne da rabin tarihinsa, ko kuma a cusa takardar wani mai irin sunansa a cikin nasa.

Game da kuɗi, inda doka ta yarda a karɓa, kuɗin kwafi ne da na aikawa. A Amurka an hana a caji majinyaci kuɗin neman fayil a ma'ajiya, an kuma hana a riƙe masa bayanai don bai biya kuɗin jinya ba. A ganina wannan ƙa'ida ce da ta dace a ko'ina. Bashi yana da hanyar da ake bi a karɓe shi, kuma riƙe sakamakon awon mara lafiya a matsayin jingina yana iya jawo asarar rai.

Akwai lokutan da asibiti zai iya ƙin ba da wani sashe, kuma ba su da yawa. Na farko, idan likita ya yi hukuncin cewa ganin bayanin zai iya jefa rayuwar majinyacin ko ta wani cikin haɗari mai tsanani. Ɓacin rai ko damuwa ba su kai wannan matsayi ba. Na biyu, idan bayanin ya shafi wani mutum daban, kamar ɗan uwa da ya faɗa wa likita wani abu a asirce. A Amurka an kuma ware rubutun da likitan ƙwaƙwalwa yake yi wa kansa lokacin zaman tattaunawa, idan ya ajiye shi daban da fayil. A duk waɗannan, abin da ya kamata shi ne a rufe layukan da abin ya shafa a ba da sauran. Hana fayil gaba ɗaya saboda sakin layi ɗaya wuce gona da iri ne. Idan aka ƙi, ka nemi a rubuta maka dalilin, sannan ka kai kuka ga shugabancin asibitin, in bai yi ba ka wuce ga hukumar kare bayanai ta ƙasarka ko majalisar da ke kula da aikin likitoci.

Wasu likitoci suna da fargaba ta gaskiya, cewa majinyaci zai karanta abin da bai fahimta ba ya tsorata. An gwada wannan. A 2010 aka fara shirin OpenNotes a cibiyoyi uku a Amurka, inda likitoci 105 suka buɗe wa majinyatansu rubutunsu. Mafi yawan majinyatan da suka karanta sun ce sun fi fahimtar halin da suke ciki, sun kuma fi kiyaye shan magani, kuma da shekarar gwajin ta ƙare babu likitan da ya zaɓi ya rufe. Daga watan Afrilun 2021 dokar Amurka ta hana toshe wa majinyaci bayanansa na kwamfuta, har da rubutun likita. Fargabar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, domin ganin sakamakon cutar daji a waya da tsakar dare, babu wanda zai yi maka bayani, abu ne mai nauyi. Maganinsa shi ne a yi yarjejeniya tun lokacin ɗaukar samfurin: yaushe sakamakon zai fito, wa zai kira ka, kuma kana son ka gani kafin ku haɗu ko a'a.

Idan kwafin ya zo hannunka, ka fara da abubuwan da kai ne ka fi kowa saninsu. Suna da ranar haihuwa a kowane shafi. Jerin magunguna: akwai wanda ka daina sha tuntuni amma yana nan? Akwai wanda kake sha amma babu shi? Dama da hagu. Rukunin jini, musamman ga mace mai jini nagetif, wadda ake yi wa allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba. Sai magungunan da jikinka ba ya karɓa, kuma nan kuskure yana tafiya ta ɓangare biyu. Rashin rubuta wanda yake na gaske yana iya kisa. Rubuta wanda ba na gaske ba shi ma yana da illa: kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da alamar cewa penisilin ba ya karɓarsa, amma idan aka gwada, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan ba su da matsalar. Sau da yawa wani ƙurji ne na yarinta aka rubuta, aka yi ta kwafa daga shafi zuwa shafi shekara da shekaru, ana hana mutum magani mai kyau ana ba shi wanda ya fi illa. Kada ka goge wa kanka wannan alamar, ka kai wa likita ya bincika.

Wajen karanta lambobi, ka lura da ma'auni. Sukarin jini ana rubuta shi da mg/dL a wasu wurare, da mmol/L a wasu, kuma ana raba na farko da 18 a samu na biyu, wato 126 daidai yake da 7.0. Kiriyatinin na mg/dL ana ninka shi da 88.4 a samu na µmol/L. Mutum zai iya ganin 7 a wata takarda da 126 a wata ya ɗauka ciwonsa ya yi tsalle, alhali abu ɗaya ne. Alamar tauraro ko jan rubutu a gefen sakamako ita ma ba kullum take nufin cuta ba. Iyakar da ake kira daidai an tsara ta ne ta ƙunshi kashi 95 cikin ɗari na masu lafiya, don haka mutum ɗaya cikin 20 zai faɗo waje ba tare da ciwon komai ba. Idan aka yi wa lafiyayye awo 20 daban-daban, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita daga iyaka ta kai wajen kashi 64 cikin ɗari. Ka ja layi a ƙarƙashin abin da ba ka gane ba, ka tafi da shi ziyara ta gaba.

Idan ka ga kuskure, kana da haƙƙin neman gyara, amma ka san yadda gyaran yake. Ba a goge rubutun asibiti, ba a yage shafi. Ana ƙara bayani ne mai kwanan wata da sa hannu, tsohon rubutun ya kasance ana iya karanta shi, saboda wasu likitoci sun riga sun yi aiki da shi kuma dole a san abin da suka gani. Kuskuren zahiri, kamar ranar haihuwa ko ƙafar da aka yi wa aiki, ba a jayayya a kansa. Ra'ayin likita kuwa, kamar cutar da ya yi zato a lokacin, ba za a tilasta masa ya canja ba idan abin da ya yi zato ke nan da gaske. Abin da za ka iya shi ne ka rubuta rashin amincewarka a haɗa ta da fayil ɗin. A Amurka asibiti yana da kwana 60 ya amsa buƙatar gyara. Ka kuma nemi a sanar da duk inda aka riga aka aika kuskuren, kamar kamfanin inshora ko asibitin da aka tura ka.

Haƙƙin na majinyaci ne shi kaɗai, kuma wannan yana ba iyalai mamaki. Aure ba ya ba miji damar ganin fayil ɗin matarsa, ba ya ba mata damar ganin na mijinta, kuma biyan kuɗin jinya ba ya ba da wannan damar. Sai da izinin mai fayil a rubuce, wanda ya ambaci sunan wakilin da abin da aka yarda ya gani. Iyaye suna neman na ƙananan 'ya'yansu, amma a ƙasashe da dama, ciki har da Ingila tun hukuncin kotu a shari'ar Gillick na 1985, matashin da ya kai fahimtar jinyarsa yana da bakin magana a kan sirrinsa. Ga wanda tsufa ko ciwo ya fara taɓa tunaninsa, a rubuta takardar wakilci tun yana iya sa hannu da hankalinsa. Bayan rasuwa kuma dokar takan canja: a Ingila dokar 1990 ce ta ba mai kula da gado da wanda yake da wata da'awa damar nema, a Faransa kuwa magada suna samun abin da ya shafi dalilai uku kawai, sanin sanadin mutuwa, kare mutuncin mamacin, ko neman haƙƙinsu, matuƙar bai hana ba tun yana raye.

Fayil ba ya zama har abada. A Ingila ana riƙe na babban mutum a asibiti shekara 8 bayan ƙarshen jinya, na haihuwa shekara 25, na yaro har ya cika shekara 25. A Faransa shekara 20 ne daga zuwan ƙarshe. Kafin wa'adin ma, asibitoci suna rufewa, ana canja manhajar kwamfuta tsofaffin bayanai su maƙale a tsohuwar, ruwa da gobara suna cin ɗakunan ajiya. Takardun da wasu injinan awo suke fitarwa, irin masu santsi na awon zuciya, rubutunsu yana dushewa da zafi da haske, don haka a yi musu hoto ko kwafi da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya jira sai daren da aka ce a wuce da shi wani asibiti ba zai samu wa'adin kwana 30 ba. Bayan kowace kwanciya, kowace tiyata, kowane babban awo, a karɓi kwafi a lokacin, a jera bisa kwanan wata, a ajiye ɗaya a takarda ɗaya a waya mai kulle. A saman jerin a ɗora shafi guda mai ɗauke da cututtukan da ake da su, magunguna da adadinsu, waɗanda jiki ba ya karɓa, tiyatocin da aka yi da shekarunsu, rukunin jini, da lambar wanda za a kira, a kuma sabunta shi duk lokacin da aka canja magani.